Tambaya da Amsa: Ɗaliban Jami'a da Masu Sana'ar Karɓar Baƙi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan, domin duk a kan magana ɗaya suka taru, wato ɗaliban jami'a da ake turowa rukuni-rukuni su taya masu gidajen baƙi da masu kai mutane yawon buɗe ido warware abin da ya dame su. Na daɗe ina aikin gidan baƙi kafin in dawo noman rani a ƙasar Kura, don haka maganar ta shafe ni sosai.

TAMBAYA: Malam, ina da ɗan gidan saukar baƙi mai ɗaki 8 a kusa da Tiga. Wani malamin jami'a ya same ni ya ce yana so ya turo ɗalibai biyar su yi zangon karatu guda suna nazarin harkata, su nemo mini maganin abin da ya fi damuna, ba tare da na biya ko sisi ba. Ni kuwa an sha zuwa mini da takardun tambayoyi, in cike, a tafi, ko sallama ba a sake yi mini ba. Ga tsoron kada sirrin cinikina ya fita. In karɓe su ko in ba da haƙuri?
Daga mai gidan baƙi, ƙaramar hukumar Bebeji.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka karɓe su, amma da sharaɗi.

Wanda ya kawo maka takarda ka cike, digirinsa ya zo nema, kuma ya samu, shi ya sa ba ka sake ganinsa ba. Waɗannan da ake maganar turo maka, idan tsarin na gaske ne, makinsu yana rataye a kan ko abin da suka yi ya amfane ka. Ka tambayi malamin ido da ido: ranar da za a ba su maki, za a nemi jin ta bakina? Idan ya ce za a nema, ka buɗe musu ƙofa. Idan ya fara kwana-kwana, ka ba shi ruwa ya sha, ku rabu lafiya.

Idan sun zo, kada ka ce musu "ku gyara mini kasuwa". Wata uku ko huɗu ne a hannunsu, ga lacca, ga jarrabawa. Matsala ɗaya za ka ba su, wadda take hana ka barci. A gidajen baƙi na karkara da na sani, ba ta wuce biyu: ko ɗakuna suna kwana babu kowa, ko dizal yana cinye ribar waɗanda aka kama.

Mu ɗauki ta farko. Ɗaki 8 a wata mai kwana 30, kwanan ɗaki 240 ke nan kake da shi na sayarwa. Nawa ka sayar a watan jiya? Yawancinmu ba mu iya amsa wannan, sai dai mu ce "kasuwa ta yi sanyi" ko "an ɗan taɓa". Aikin farko na ɗalibin lissafin kuɗi shi ne ya zauna da littafin risefshan na shekara guda ya fitar maka da wannan adadin wata-wata, har rana-rana. Daga nan a riƙa yi wa duk baƙon da ya sauka tambaya uku cikin ladabi: daga ina, me ya kawo ka, wa ya nuna maka nan. A nan ne nake so ka sa ido, domin yaran za su zo da hoton Bature mai kyamara a kansu, haka littattafansu suka nuna musu mai yawon buɗe ido. Kai ka san ba shi ke biyan albashin mai gadinka ba. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen da ke kwana a yankinku su ne ma'aikatan ruwa, da dillalan tumatir masu zuwa Kwanar Gafan da sanyi, da masu sayen shinkafa da kifi, da 'yan uwan ɗaliban makarantar horon lauyoyi ta Bagauda, da 'yan biki, da magidantan da ke fito da iyali daga birni su ga ruwa da salla. Kowannensu da abin da yake so. Dillali yana son ruwan zafi da asuba, da wurin da motarsa za ta kwana lafiya, da ragi idan zai yi mako. Mai iyali yana son ɗakuna biyu a jere, da banɗaki mai tsabta, da tsakar gidan da matarsa za ta zauna ba a zuba mata ido ba. Idan ɗaliban suka nuna maka da lissafi wane ne ya fi kawo maka kuɗi, kuma a wane wata, sun yi maka aikin da ya fi fenti da sabon allo.

Idan kuma dizal ka zaɓa, ka roƙi a sa ɗan sashen injiniyan lantarki a cikinsu. Zai bi ɗaki-ɗaki ya rubuta abin da kowane kaya ke ja. Fankar sama tana jan wajen wat 70, ƙwan fitila na zamani wajen wat 10, esi guda kuwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi fanka goma ci. Sau da yawa abin da ake ganowa shi ne ana tayar da babban janareta saboda baƙi biyu, ɗaya a wannan ƙarshen gidan, ɗaya a wancan. Maganin farko ba ya cin kuɗi da yawa: a riƙa jera baƙi a ɓangare ɗaya, a raba layin wuta, a sa ƙaramin inji ya ɗauke su. Na biyu shi ne ruwa. Injin rijiyar burtsatse ba ya bukatar dare. Idan aka haɗa shi da faifan sola ya cika tanki da tsakar rana, an huta da batir, kuma batir shi ne mafi tsada a kayan sola, shi ne kuma ke fara mutuwa. Ka ce su rubuto maka kuɗin kowane mataki da watannin da zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa, da farashin da suka jiyo a kasuwa da ƙafarsu, ba wanda suka gani a intanet ba.

Maganar sirri, kana da gaskiya. A yi takarda tun ranar farko, kai da malamin ku sa hannu: ba za a ambaci sunanka ko sunan gidanka a rahoton da za a ajiye a jami'a ba, kuma a rubuta ciniki da kashi cikin ɗari, ba da naira ba. Akwai wani sirrin da ya fi naka nauyi, shi ne na baƙinka. Sunayensu da lambobin wayarsu amana ce a hannunka, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa ta kare bayanan jama'a. Kada ka bari a ɗauki hoton shafin littafin. Su kwafi kwanan wata da lambar ɗaki da kuɗi, su bar suna.

Kai ma akwai naka. An ce kyauta ne, amma ɗalibi ba shi da kuɗin mota, ka taimaka da shi, ka sa a dafa da su ranar da suka zo. Ka kai su su gaida dagaci, kada a ga baƙin fuska suna yawo da takardu a fara zargi. Abin da ya fi duka, ka haɗa su da yaronka ɗaya mai kai, wanda zai zauna bayan sun tafi. Duk abin da suka tsara, su koya masa har ya yi shi a gabansu ba tare da sun sa hannu ba. Na ga gidan da aka bar wa tsari mai kyau a kwamfuta, aka tafi da lambar sirrin buɗe ta, ba da mugunta ba, mantuwa ce kawai, aikin wata huɗu ya tashi a banza. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, domin yaran sun yi ƙoƙari.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗaliba ce a aji uku, sashen kwamfuta, a Dutse. Mu shida aka haɗa daga sassa daban-daban, aka ce mu zaɓi wurin yawon buɗe ido mu yi masa aiki. Mun zaɓi zanen duwatsun Birnin Kudu, kuma mun yanke shawarar haɗa manhajar waya da za ta jawo Turawa. Me ya kamata mu sa a ciki?
Daga wata ɗaliba, Dutse.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kun zaɓi wuri mai daraja. Amma ku ajiye maganar manhaja tukuna, ku hau mota ku je. Ku je ba tare da kun sanar da kowa ba, kamar yadda baƙo zai je, ku sauka a tasha ku ce a kai ku Dutsen Habude ko Dutsen Mesa. Ku rubuta duk abin da ya faru: ɗan acaɓa ya san wurin ko sai da ya tambaya, nawa ya caje ku, wa kuka tarar, wa ya yi muku bayani, ina kuka sha ruwa, ina kuka yi alwala, ina mace za ta kewaya. Abin da kuka rubuta a wannan yinin shi ne aikinku.

Ga abin da ke wurin, don ku san girman abin da kuka taɓa. Zane ne na dā a jikin duwatsu, akasarinsa na shanu, kuma shanun marasa tozo ne. Ku je kasuwar Wudil ranar Juma'a ku duba, shanun da za ku gani masu tozo ne, wato masu zanen sun san wani irin shanu da ba shi ake kiwo a nan yanzu ba. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe ɗan sakandare minti ashirin yana tambaya. Akwai kuma duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa su suke ƙara kamar ƙarfe. A shekarun 1950 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu ya sanar da duniya. Wuraren suna cikin kayan tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, saboda haka ba za ku kafa ko da allo ba sai da izininta, kuma ku fara da gaida hakimi. Ina roƙonku, kada wani ya yayyafa wa zanen ruwa don launi ya fito a hoto, kada a bi shi da alli, kada a shafa shi da hannu. Abin da ya lalace a nan ba ya gyaruwa.

To, manhaja. Wa zai sauke ta? Wayar yawancin mutanenmu a cike take, data kuma da tsada. Wa zai biya kuɗin ajiye ta a intanet bayan kun tafi bautar ƙasa? Baƙon da ya fi kusa da ku, wanda kuma zai zo da yawa a lokaci guda, shi ne ɗan makaranta. Jigawa da Kano cike suke da sakandare, kuma abin da ke hana shugaban makaranta fitar da yara ba rashin sha'awa ba ne. Yana bukatar takarda ɗaya da za ta gaya masa kuɗin kowane yaro, da awa nawa za a yi, da wanda zai tarbe su, da inda za su ci abinci su yi azahar, da darasin da ziyarar ta dace da shi, don ya nuna wa iyaye da hukuma. Ku rubuta masa wannan takardar. Ɗan sashen tarihi ya zauna da dattawan garin ya naɗi abin da suka gada game da duwatsun, da yardarsu, ya haɗa da abin da masana suka rubuta, ya fitar da bayanin da mai rakiya zai iya yi da baki cikin Hausa mai daɗi. Ɗan sashen kasuwanci ya zauna da masu rakiya da 'yan acaɓa da mai abinci a tsayar da farashi ɗaya, domin babu abin da ke korar baƙo irin ciniki a gindin dutse. Sannan ku gayyaci makaranta ɗaya ta zo a gwada kafin zangon ya ƙare, ku tsaya a gefe ku ga inda abin ya karkace.

Ke kuma da kwamfutarki ba ki rasa aiki ba. Ki sa kowane dutse a daidai wurinsa a Google Maps, da hotuna masu kyau da lambar wayar da ake ɗagawa. Ki buɗe wa masu rakiya WhatsApp na sana'a, ki koya musu amsawa da saƙon murya idan rubutu na yi musu nauyi. Ki yi gajerun bidiyo da Hausa. Turawan da kike so ma ta nan za su bi. Tun da UNESCO, hukumar raya ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, masu zuwa kallon hawa suna da dalilin neman inda za su ƙara kwana ɗaya, kuma wanda ya buɗe taswira ya ga wuri da hoto da lamba, zai kira.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana jami'a, ta zo mini da cewa an sa ta a rukunin da zai riƙa zuwa wani otal yin nazari. Ni dai raina bai kwanta ba, ka san abin da ake faɗa a kan otal.
Daga wani uba, ƙasar Rano.

AMSA: Malam, damuwarka ta uba ce, ba kuma zan ce maka duk gidajen baƙi ɗaya suke ba. Fita koyon aiki a wajen aji ba sabon abu ba ne, tun 1973 aka ƙirƙiro shirin SIWES, kuma 'ya'ya mata da yawa sun bi ta nan lafiya. Ka karɓi lambar malamin da ke kula da su ka kira shi da kanka. Ka ji sunan wurin, ka sa a bincika maka mai shi, in da hali ka je ka gani. Ka shardanta zuwan rana ne, cikin rukuni, da wata mace tare da ita, babu kwana. Idan wurin bai yi maka ba, ta nemi a canza mata, akwai marina a Kura, akwai masaƙa, akwai masu abinci, duk suna karɓar baƙi. Amma in wurin na mutunci ne ka bar ta, domin abin da gidajen baƙinmu suka fi rasa shi ne idon mace da zai ce wannan tsarin bai dace da iyali ba.

TAMBAYA: Kawu, ni matashi ne, ina tuƙa kwalekwale a fadamar Baturiya, wani lokaci ina kai masu kallon tsuntsaye. Wasu ɗalibai sun ce za su zo da hutun damina su taimaka mana. Manyanmu sun ce me ɗan boko zai koya wa wanda aka haifa a ruwa. Me zan ce su yi mana?
Daga wani matuƙi, ƙaramar hukumar Kirikasamma.

AMSA: Ɗana, manyanku ba su yi ƙarya ba, a kan ruwa ku ne malamai, kuma ka gaya wa ɗaliban haka tun kafin su taso. Kuskuren farko ma yana cikin lokacin da suka zaɓa. Da damina za su ga ruwa, su ga shamuwa, amma agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai da sanyi suke sauka, su koma kafin zafi ya yi tsanani. Saboda su ne masu madubin hangen nesa ke zuwa, suna kuma cikin dalilan da suka sa aka sanya Baturiya a jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Su zo sau biyu, da damina su koya, da sanyi su yi aiki.

Ni da nake ban-ruwa da ruwan Tiga ina jin nauyinku. Tun da aka datse Kogin Kano da na Challawa, ambaliyar da ke cika fadamarku ta canza, ciyawar kachalla ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan ya fi ƙarfin 'yan ɗalibai, kada ku bari su ɓata zangonsu a kai. Abin da za su iya shi ne su bi ku da waya su zana hanyoyin da har yanzu kwalekwale ke ratsawa a kowane wata, don ku san abin da za ku yi wa baƙo alkawari.

Fara da rai. Kowa ya san yadda haɗarin jirgin ruwa ke cin mutane a ƙasar nan, kuma lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya su ne kan gaba. Su auna kowane kwalekwale tare da mai shi, a tsayar da adadin mutanen da zai ɗauka, a rubuta da fenti a jikinsa. Su taya ku rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa takardar neman rigunan kariya na gaske, har da na yara, su kuma bi takardar da ƙafa. Shugaban makaranta ba zai sa yaransa a jirgin da babu riga ba, kuma yana da gaskiya.

Sai layi. Ku tsayar da farashi ɗaya, ku riƙa ɗaukar baƙi bi da bi, a rubuta a littafi, kada ku riƙa rige-rige kuna karya wa juna kuɗi. A cikin ƙa'idar ku sa cewa ba a tayar da tsuntsu don a ɗauki hotonsa yana tashi, ba a kuma harbi, wurin gandun da aka keɓe ne.

Abin da zai fi ɗaga darajarka kai kanka shi ne takardar tsuntsaye. Ɗan sashen nazarin halittu ya zo da hotuna, ku zaunar da shi gaban tsofaffin masunta su ba shi sunayen: dinya, kirinjijiya, zalɓe, jinjimi, balbela, gauraka, da waɗanda ku kaɗai kuka sani, da na Fulatanci da na sauran harsunan yankin in akwai. Shi kuma ya sa na Turanci da na kimiyya a gefe, da watan da ake ganin kowanne da wurin da yake sauka. Da wannan a hannunka, ko ba ka jin harshen baƙo za ka nuna masa da yatsa ya gane, kuma mai rakiyar da ya san tsuntsu kuɗinsa ya fi na mai tuƙi kawai. A rubuta sunayen dattawan da suka ba da ilmin a jikin takardar, in sun yarda, a kuma sallame su da wani abu. A bayanta a sa lambar wayar shugaban layinku, ba ta ɗalibi ba. Ku ce a liƙe ta da roba a buga da yawa, a bar muku asalinta a wayar mutum biyu, don ku iya sake bugawa a Haɗeja idan waɗannan sun tsufa.